Tasar wanka da gidan tururi: tambayoyi da amsoshi kan hamam da tsofaffin kayansa

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi game da hamam, gidan wankan tururi na ƙasashen Turkiyya, Sham, Masar da Maroko, da kuma tsofaffin tasoshi da akwatunan jan ƙarfe da ake zuwa wankan da su. Mun fi ba da ƙarfi a kan salon Daular Usmaniyya, don can ne kayan suka fi yawa a hannun masu tara kayan tarihi.

Mene ne hamam, kuma me ya raba shi da sauna?

Hamam gidan wanka ne na jama'a, ginin dutse, da ake hura wa wuta ta ƙarƙashin daɓe. Ɗakin zafinsa yakan tsaya tsakanin digiri 40 zuwa 50 a ma'aunin salshiyas, iskar kuwa a jiƙe take sharkaf. Saunar mutanen Finland ɗakin katako ce mai busasshen zafi, digiri 80 zuwa 100, sai an watsa ruwa kan duwatsu tururi ya taso na ɗan lokaci. A sauna zama ake yi a yi gumi a fita. A hamam kuwa gumin share fage ne kawai, ainihin aikin shi ne cuɗa da zuba ruwa. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin siffar kowane abu da ke gidan, tun daga kwamin ruwa har tasar da ke hannun mai wanka.

Daga ina al'adar ta fito?

Daga Rumawa. Su suka yaɗa gidajen wanka masu jerin ɗakuna daga sanyi zuwa zafi, da daɓen da hayaƙi ke bi ta ƙarƙashinsa. Wankan Karakalla na birnin Rum, da aka buɗe wajen shekarar 216, kufansa na nan har yau. Da Musulmi suka karɓi Sham da Masar sun tarar da irin waɗannan gine-gine suna aiki, sai suka ɗauki dabarar wutar, suka rage girman, suka watsar da babban tafkin ninƙaya na ruwan sanyi. Ƙusair Amra da ke hamadar Jodan, ginin Banu Umayya na ƙarni na 8, yana cikin misalan farko da suka rage a tsaye. A Dimashƙ akwai hamam ɗin Nuruddin na ƙarni na 12, a Garanada ta Andalus kuma akwai wanda ake kira El Banyuwelo.

Usmaniyawa suka kai abin ƙololuwa. Sinan, babban maginin daular, ya gina hamam ɗin Hurrem Sultan a gefen masallacin Aya Sofiya na Istanbul a 1556, aka kuma buɗe na Cemberlitash a 1584. Na Jagaloglu, na 1741, an gina shi ne don kuɗin shigarsa ya riƙe ɗakin karatun da Sarki Mahmud na Ɗaya ya kafa a Aya Sofiya. Haka yawancinsu suke: waƙafi ne, kuɗin wanka ke ciyar da masallaci ko makaranta. Dukkan ukun suna karɓar masu wanka a Istanbul yanzu.

Yaya cikin ginin yake, ina wutar take?

Mai shiga yakan bi ɗaki uku. Na farko babban zaure ne na tuɓe kaya da hutawa, sau da yawa da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya. Na biyu ɗan matsakaici ne mai ɗumi, inda jiki ke sabawa, nan ne kuma bayan gida da wurin aski suke. Na uku shi ne ɗakin zafi. A tsakiyarsa akwai dakalin dutsen mabul, tsayinsa kamar kamu ɗaya, galibi mai kusurwa takwas, Turkawa suna ce masa gobek tashi, dutsen cibiya ke nan. A kusurwoyin ɗakin akwai ƙananan ɗakunan keɓewa da suke kira halwet, kalmar da muka sani da halwa.

Wutar ba ta cikin ɗakin. Tana bayan bango, a wani murhu da ake kira kulhan, mai ƙofarsa daban ta waje. Bisa murhun an dasa ƙatuwar tukunyar jan ƙarfe a gindin ma'ajin ruwa, ita ke ɗumama ruwan. Harshen wuta da hayaƙi kuma sukan ratsa wani fili da ke ƙarƙashin daɓe, wanda aka ɗora kan gajerun ginshiƙan bulo, sannan su haura ta bututun yumɓu da aka binne cikin bango su fita ta rufi. Sunan da suka ba filin nan na ƙasa daga Jahannama aka ciro shi, kuma wanda ya taka daɓen da ke kusa da murhu ba takalmi zai yarda sunan ya dace.

Rufin ƙubba ne mai ƙananan ramuka da aka toshe da gilashi mai ƙumbo, suna ce musu idon giwa. Haske na shiga, tururi ba ya fita. Lanƙwasar ƙubbar kuma tana sa raɓar tururi ta gangara ta bango maimakon ta riƙa ɗigo wa mutane a ka. Ginin yana shan zafi sannu a hankali, shi ya sa ba a son wutar ta mutu: idan dutsen ya huce, sai an yi kwanaki ana hura masa kafin ya dawo daidai.

Me ya sa ba a shiga cikin ruwan a jiƙa?

Saboda an fi natsuwa da ruwan da ke gudu wajen tsarki. A jikin bangon ɗakin zafi akwai kwamin mabul da ake kira kurna, an sassaƙa shi daga dutse guda, da kan famfo biyu a samansa, na zafi da na sanyi. Kurna ta asali ba ta da ramin tsiyaya a gindi. Idan ta cika sai ta tumbatsa, ruwan ya bi magudanar da ke daɓe ya fita. Mai wanka yana zaune a gefenta, yana ɗiba yana zubawa a jikinsa.

Dokar kurna ɗaya ce, ba a kuma sassauta ta: ba a tsoma jiki, ba a tsoma soso, ba a barin kumfa ta faɗa ciki. Ga mai bin mazhabar Malikiyya dalilin a fili yake, don ruwan da sabulu ya canza wa launi, ɗanɗano ko ƙanshi ba ya ɗauke hadasi. Wanda zai yi wankan janaba a hamam sai ya ɗauraye kumfa tukuna, ya bar famfo ya sabunta ruwan kurna, sannan ya yi niyya.

Akwai gidajen da ke da tafki, amma waɗanda aka gina ne kan maɓuɓɓugar ruwan zafi, kamar na Bursa a Turkiyya da na Rudas a Budapest ta ƙasar Hungary. Can ruwan da kansa yake shiga yana fita.

Me ya sa tasar hamam take da ƙumbo a tsakiya?

Don hannu mai sabulu. Tasar ba ta da mariƙi. Faɗinta galibi santimita 15 zuwa 22 ne, zurfinta bai wuce yatsu uku ko huɗu ba, tana ɗaukar ruwa rabin lita zuwa lita guda. An buga gindinta ya taso ciki kamar cibiya, ta waje kuma ya zama rami. Yatsu biyu na tsakiya su shiga ramin ta ƙasa, babban yatsa ya kama baki, tasa ba za ta suɓuce ba ko da hannu na santsi. Ƙumbon yana kuma ƙarfafa gindin kada ya lotsa. Tsohuwar dabara ce, Girkawan zamanin da ma suna da kwanon zuba hadaya mai irin wannan cibiya.

Ana yin ta da jan ƙarfe a shafe da kuza, ko tagulla mai ruwan ɗorawa, ko azurfa a gidajen masu hali. Wasu an kafa musu ɗan kifin ƙarfe mai gaɓoɓi a kan cibiyar, idan an cika ruwa sai ya riƙa motsi kamar mai rai. Turkawa suna ce mata tas, Larabawa ɗasa, mu kuma tasa. Kalma ɗaya ce ta yi tafiya.

Bayan tasa, me ake zuwa da shi?

Matar Istanbul ta da ba ta zuwa hannu sake. Akwai kildan, akwatin jan ƙarfe mai murfi da mariƙi, gindinsa huje-huje don ruwa ya tsiyaye daga sabulu, yumɓun wanke kai da mataji. Idan ka ga irin akwatin babu hujin gindi, to mai yiwuwa na wani aiki ne. Akwai nalin, dangarafan katako masu tsayi da ke raba ƙafa da zafin daɓe da ruwan dauɗa. Na amare akan yi musu ado da azurfa da ɓawon katantanwar teku mai sheƙi, wasu tsayinsu ya haura taƙi guda. Akwai peshtemal, siririn zanen auduga da ake ɗaurawa, don ba a tsiraici a hamam. Sai kese, safar hannu mai kaushi ta cuɗa, da dutsen goge kaushin ƙafa wanda wani lokaci akan sa masa gidan azurfa, da buta mai dogon wuya.

Kayan nan suna cikin abin da ake haɗa wa amarya, kuma ranar wankan amarya a hamam ake baje su kowa ya gani. Duk wanda ya san yadda ake duban jeren ɗakin amarya a wurinmu ya san irin kallon.

Yaya ake wankan, daki-daki?

A ɗaura zane a sa dangarafai, a ɗan zauna a ɗakin ɗumi minti biyar. A shiga ɗakin zafi, a zuba ruwan ɗumi tasa uku ko huɗu daga ƙafa zuwa sama, sannan a kwanta kan dakali minti 15 zuwa 20 har gumi ya karyo sosai. Kada a taɓa sabulu tukuna. Nan ne sababbin zuwa suke ɓata wankan: sabulu yana sa fata santsi, kese ya riƙa zamewa ba ya kama komai. Idan fata ta jiƙu da gumi, mai cuɗa zai bi ta da kese da dogon ja, dauɗa ta riƙa murɗewa tana fita kamar zare. Idan ba ta murɗe ba, ko dai gumin bai isa ba, ko an shafa mai kafin zuwa.

A ɗauraye. Sai kumfa: mai cuɗa yakan tsoma wata jakar auduga cikin ruwan sabulun zaitun, ya kaɗa ta ta cika da iska, ya matse ta daga sama zuwa ƙasa, kumfa ta lulluɓe mutum. A wanke kai, a ɗauraye da ruwan da ake rage wa zafi kaɗan-kaɗan. A fito zaure a naɗe da busassun tawul, a sha ruwa ko shayi, a zauna aƙalla minti 20 kafin a fita iska. Maza ne ke cuɗa maza, mata kuma mata. Manyan gidaje suna da sashe biyu da ƙofa biyu, ƙanana kuma suna raba lokaci.

Na Maroko daban ne?

A hamam ɗin unguwa na Fas ko Marrakesh bokiti ne a madadin kurna. Kowa ya cika nasa biyu ko uku daga kwamin ruwan zafi, ya sirka, ya wanke wurin zamansa, ya zauna a ƙasa. Tsarin ma ya juya: ana fara shafa baƙin sabulu mai laushi na man zaitun, a bar shi minti biyar zuwa goma, a ɗauraye shi tas, sannan a cuɗa. Idan an bar ragowar sabulun, matsalar santsin nan ce za ta dawo. Bayan cuɗa akan shafa gasul, yumɓun da ake haƙowa a yankin tsaunukan Atlas. Wannan salon ne masu gyaran jiki a garuruwanmu suke kwaikwayo da sunan wankan Maroko.

Tokar murhun ma ba ta zama banza. A Marrakesh a cikinta ake binne tulun naman da suke kira tanjiya, a tsohuwar Alƙahira kuma a murhun hamam ake kwana ana dafa waken ful.

Ta yaya za a gane tsohuwar tasa daga sabuwar da aka tsufar da ita?

A fara da maganaɗisu. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, magana ta ƙare. Sai a juya ta gefen haske. Ƙirar hannu tana da sawun guduma marasa tsari, kaurinta kuma ba ɗaya ba ne, baki ya fi gefe kauri. Wadda aka murza a inji tana da siraran zobba masu bin juna daidai wa daida. Akwai sababbi da ake bugawa da guduma bayan inji ya gama, amma sawun nasu jere yake kamar an auna, kuma a ƙarƙashinsa zobban suna nan.

Sai a duba inda ta ci. Tasar da aka yi shekaru ana wanka da ita tana gogewa ne a inda hannu da dutse suke taɓawa: kan cibiya, zoben gindi, da gefen baki inda babban yatsa ke zama. A can kuza ta ƙare jan ƙarfe ya bayyana, zanen ma ya dushe. A cikin lungunan zanen kuwa baƙi ya taru. Idan duhun ya rufe ko'ina bai ɗaya, har da wuraren da ya kamata su yi sheƙi, to sinadari aka shafa. A manyan kaya kamar bokiti da tukunya, a nemi haɗin da ya shiga juna kamar haƙoran zarto, da layin rawaya na liƙi yana binsa. Alamar tsohuwar ƙira ce, ko da yake maƙeran Gaziyantep ta Turkiyya da Sarayebo ta Bosniya suna iya yin ta har yau, don haka ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

A wurin azurfa a nemi hatimin sarki, tugra, da ake bugawa ƙarami. Sau da yawa kusa da shi akwai wani zane mai karkace-karkace inda mai gwaji ya kankari azurfar.

Akwai rubutu da lamba a bakin tasata. Yaya zan karanta shekarar?

Masu kaya sukan sa a rubuta sunansu da shekara, don a hamam tasoshi suna cakuɗewa. Idan shekarar Hijira ce, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622. Misali 1280 za ta ba da 1863 ko 1864. Rubutun Armeniyawa ko na Girkawa ba abin mamaki ba ne, da yawa daga maƙeran daular da masu sayen kayan su ne, kuma su shekarar Miladiyya suka fi sawa. Idan sunan Baturke ne da haruffan boko, rubutun bai riga 1928 ba, shekarar da Turkiyya ta bar haruffan Larabci. A lura, rubutu yana nuna ranar da aka yi shi ne kawai. Ana ƙara wa sabuwar tasa tsohuwar shekara, kuma ana gane hakan idan bakin haruffan yana da kaifi alhali sauran jikin ya goge.

Ta yi kore-kore. In goge ta da lemun tsami da gishiri?

A'a. Wannan na tukunyar girki ne. Tsami yana cinye duhun da shekaru suka gina, wanda shi ne rabin darajar kayan, gishiri kuma yana maƙalewa a ramukan ƙarfe ya haifar da cutar da ta fi wadda ake magani. Toka, yashi da soson ƙarfe su ma a ajiye su.

Kore iri uku ne. Akwai mai santsi da tauri, launin ƙasa-ƙasa ko kore mai duhu. Wannan kariya ce, a bar shi. Akwai mai danƙo kamar kakin zuma, wanda ragowar sabulu ke yi da jan ƙarfe. A ɗaga shi da tsinken itace, a bi da auduga mai ɗan sipirit. Na uku shi ne abin tsoro: gari mai haske, kore-fari, da ke fitowa ɗigo-ɗigo, idan an share ya dawo bayan makonni. Gishiri da laima ne ke cin ƙarfen daga ciki har ya huje. A ware kayan daga sauran, a sa shi a akwati mai rufuwa da ƙunshin tsotse laima, laimar ta tsaya ƙasa da kashi 40 cikin ɗari, sannan a nemi mai gyaran kayan gidan tarihi. Damina ce lokacin da ya fi tashi.

Wankin yau da kullum kuwa ruwan ɗumi ne da ɗigon sabulu marar ƙarfi da burushi mai laushi. A ɗauraye da tataccen ruwa, a busar nan take, a shafa siririn kakin da ake sa wa kayan tarihi. Kada a kusantar da tagulla da abin goge-goge mai amoniya, tana sa ta tsage. Idan kuma jan ƙarfe ne mai rufin zinariya, wanda ake kira tombak, ƙura kawai za a kaɗe, don zinariyar ba ta kai kaurin fatar albasa ba. Kurnar mabul ma tsami ne maƙiyinta, ɗigon lemu kan bar mata tabo.

Zan iya wanka da ita?

Idan ba mai tsada ba ce, kuma ba ta da tsaga, babu laifi, muddin za a busar da ita bayan kowane wanka. Sha ko cin abinci a ciki ne ba mu yarda da shi ba, saboda tsofaffin masu shafe sukan gauraya kuza da dalma. Ana iya sabunta shafen: a kankare cikin, a ɗora a wuta, a barbaɗa nushadir, wani farin sinadari mai kama da gishiri, a narka kuza tsantsa, tana narkewa a digiri 232, a baza ta da dunƙulen auduga. Amma sabon shafe yana rufe sawun shekaru, ya kuma rage kuɗin kayan a idon masu tarawa. Mai son ta wanka ya sayi sabuwa.

Na gan ta a kasuwar Istanbul. Zan iya fitowa da ita?

Dokar Turkiyya ta 1983 ta hana fitar da kayan tarihi, kuma ana ƙwacewa a filin jirgi, har a tsare mutum. A karɓi rasit mai bayanin kayan. Idan abin yana da kamar tsufa, a sa mai shago ya kawo takardar gidan tarihi da ke cewa an yarda ya fita. Idan ya fara kame-kame, a bar masa kayansa.

Wa bai kamata ya shiga ba?

Mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciki, mai zazzaɓi, mai farfaɗiya, da mai buɗaɗɗen rauni ko ƙurajen da ke ruwa. Zafi yana buɗe jijiyoyi, jini ya sauka, shi ya sa jiri ke ɗibar wanda ya miƙe zumbur daga dakali. A tashi zaune tukuna, a jira, sannan a miƙe. Kada a shiga da azumi ko da cikakken ciki. Wadda ta yi halawa ko wanda ya yi aski ya bari kwana biyu kafin kese.

Masu jego su ma su yi hattara. Turkawa suna kai mai jego hamam ne ranar arba'in, sau ɗaya. Wankan jegonmu kuwa kullum ne, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta ciwon zuciyar bayan haihuwa da haɗuwar ruwa mai tsananin zafi, kwanciya kan gadon wuta da kunun kanwa. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashi ke yi mata wuya asibiti za a kai ta, ba tururi ba.

Za a iya kwatanta shi a gida?

Za a iya, a banɗaki mai tayil. A toshe taga da ƙasan ƙofa, a ajiye bokiti biyu na lita 20 cike da ruwan zafi a kusurwar da ƙafa ba za ta kai ba, a bar su minti goma ɗakin ya ɗauki tururi. Ruwan zubawa a sirka shi daban a daro, a gwada da gwiwar hannu, kada ya wuce abin da za ta jure ba tare da an janye ba. A zauna kan 'yar kujera, a riƙa zuba tasa ɗaya bayan ɗaya na minti 15, sannan a cuɗa. Sau ɗaya a mako ya isa, da hunturu ma a rage, a kuma shafa man kaɗanya tun fata na da danshi. Kada a shigar da kaskon gawayi ko risho cikin rufaffen banɗaki don ƙara zafi. Iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa.